Baƙin falmaran da 'yan ƙwallo ke sawa: me yake aunawa, kuma ko ya dace da filayenmu na Kano?

Wani ɗan'uwa mai horar da matasa 'yan ƙasa da shekara 17 a wajen Ɗorayi ya aiko min da tambaya. Ya ce suna gidan kallo, an tashi daga wasan Firimiya, wani ɗan wasa ya tuɓe riga, sai ga wani ɗan baƙin falmaran ɗame a ƙirjinsa mai kama da rigar mama, yara suka yi ta dariya. Yana so ya san ko mene ne wannan, da kuma na'urar da ya ji an ce ana sakawa a cikin ƙwallo. Sannan wani mai hali a unguwarsu ya yi alkawarin taimaka wa ƙungiyar, shi ne yake tambaya ko ya nemi a sayo musu irin wannan falmaran.

Koci, Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da yaran nan. Kula da ƙarfin jikin 'yan wasa shi ne aikina shekara da shekaru, na sa wa yara wannan falmaran da hannuna, na kuma kwana ina duba lambobin da yake fitarwa. Zan gaya maka abin da na sani, in kuma gaya maka abin da zan yi da a ce ni aka yi wa wannan alkawari.

Shi falmaran ɗin yadi ne kawai mai talewa. Aikinsa riƙe wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana biyu ba, wadda ake zurawa a wani ɗan aljihu a gadon baya, tsakanin kafaɗu. An zaɓi wurin ne saboda yana kallon sama, kuma ba a cika cin karo ta nan ba. Dole ya ɗame jiki, domin in na'urar tana reto, reton za ta auna maimakon gudun ɗan wasa.

Abu na farko a cikinta shi ne GPS, irin wanda ke nuna maka hanya a waya. Tana sauraron taurarin ɗan'adam da ke nisan kusan kilomita 20,000 a sama, kuma sai ta ji aƙalla guda huɗu kafin ta iya cewa ga inda take. Bambancinta da wayarka shi ne sauri. Yawancin wayoyi sau ɗaya suke duba inda suke a cikin daƙiƙa, ita kuwa ta 'yan wasa sau 10. Ka san a cikin daƙiƙa ɗaya ɗan gefe zai iya fizga, ya taka birki, ya juya ya bar mai tsaronsa a ƙasa. Waya ba za ta ga komai daga cikin wannan ba, za ta ga mutum ya ɗan matsa ne kawai. Shi ya sa in yaro ya sa waya a aljihu ya buga wasa, lambar da manhajar gudu za ta ba shi ba abin dogaro ba ce.

Na biyu, akwai ma'aunin girgiza da karkata, ɗan'uwan wanda ke sa fuskar wayarka ta juya in ka kwantar da ita. Wannan yana aunawa sau 100 a daƙiƙa, shi ne yake jin tsalle, da faɗuwa, da karo, da nauyin da kowace ƙafa take sauka da shi. Na uku kuma wani maɗauri ne da ake ɗaurawa a ƙirji yana ƙirga bugun zuciya. Duk waɗannan bayanai suna tafiya ta iska zuwa kwamfutar hannu da ke bakin fili, ana atisaye kana gani. In an tashi sai a jera na'urorin a akwatinsu, suna caji suna tura abin da suka tara zuwa intanet, inda manhajar kamfanin za ta jera maka shi ɗan wasa bayan ɗan wasa. Abin da ake nufi da na'urori masu haɗe da juna ke nan: ɗaya ta auna, ta miƙa wa ɗaya, har maganar ta iso gaban mutumin da zai yanke shawara. Kamfanoni biyu ne suka fi suna a wannan fanni, Catapult na birnin Melbon a Ostireliya, da STATSports na Arewacin Ailan. Tun da daɗewa ake sawa a atisaye, amma sai a 2015 masu tsara dokokin ƙwallo suka yarda a sa a wasan gasa.

To me ake nema a cikin lambobin? A nan ne mutane da yawa suke ɓata, har da masu horarwa. Lambar da kowa ke so ya ji ita ce kilomita nawa aka yi. Ƙwararren ɗan wasa yakan yi tsakanin 10 zuwa 12 a wasa guda, 'yan tsakiya su fi yawa, 'yan baya na tsakiya su fi ƙaranci. Amma mafi yawan wannan tafiya ce da sassarfa, ba su ke karya jiki ba. Abin da nake fara dubawa shi ne mita nawa aka yi da gudun da ya haura kusan kilomita 20 a awa, nawa aka yi da wanda ya haura 25, sannan sau nawa aka fizga, sau nawa aka taka birki da ƙarfi. Naman bayan cinya a irin wannan gudu na ƙarshe yake tsagewa. Birki da juyi kuma su suke cin gwiwa da matsematsi.

Ka dubi ɗan dako a kasuwar Dawanau. Kullum yana saɓa buhun masara ya hau mota da shi, bayansa lafiya lau. Ka kwantar da shi wata guda, ranar da ya dawo ka ɗora masa aikin da ya saba yi, wataƙila kafin la'asar a kai shi gida a ɗauke. Buhun bai ƙara nauyi ba, jikin ne ya manta. Asalin amfanin falmaran ke nan: ya nuna maka nauyin da ka ɗora wa yaro a wannan sati, ka kwatanta da abin da jikinsa ya saba ɗauka a sati huɗun da suka wuce. In wannan satin ya yi wa na baya fintinkau, ka shiga wurin haɗari. Mu a nan mun san lokutan da hakan ke faruwa: bayan hutun Sallah, bayan jarrabawa, da satin da aka ce mai neman 'yan wasa zai zo daga waje, koci ya ninka atisaye don a burge baƙo. Haka kuma akwai ɗaya gefen da ba a cika faɗa ba. Yaron da ke zaman benci, wanda sati uku bai yi gudu na ƙarshe ba, ka jefa shi fili a minti na 70 ka ce ya bi ƙwallo, shi ma ka sa shi a haɗari. Manyan ƙungiyoyi shi ya sa za ka ga bayan an tashi wasa 'yan benci suna tsere a fili babu kowa. Lambobi ne suka nuna ba su cika nauyin ranar ba.

Sai dai kada wani mai talla ya ce maka na'urar tana hango rauni kafin ya zo. Ba ta yi. Su kansu masana suna ta jayayya a kan lissafin da ake kwatanta sati ɗaya da sati huɗu, wasu na ganin an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Na'urar tana faɗin abin da jiki ya ɗauka a fili. Ba ta san yaron nan ya wuni yana tura ruwa kafin ya zo atisaye ba, ba ta san da koko kawai ya karya ba, ba ta san an yi rasuwa a gidansu bai yi barci ba. Kai ka san wannan.

Akwai abin da na gani da idona da ba na mantawa. A wata ƙungiya da na yi wa aiki, mun samu falmaran kaɗan, shugabanni suka ce a riƙa liƙa takardar kilomita a bango bayan kowane atisaye. Cikin sati biyu wani yaro ɗan tsakiya, mai kai sosai, wanda ya iya tsayawa a inda ƙwallo za ta faɗo, ya canza gaba ɗaya. Ya ga sunansa a ƙasan takarda, sai ya shiga zirga-zirga ba dalili. Ko an busa an tsaya, yana 'yan tsalle-tsalle yana zagaye. Lambarsa ta hau, wasansa ya lalace, tsakiyarmu ta zama hanya. Ranar da na kira shi gefe, ya sunkuyar da kai ya ce min, "Malam, tsoro nake a ce ni malalaci ne a sallame ni." Na je na cire takardar daga bango da hannuna. Duk wanda ya kalli Messi ya san yadda yake yawan tafiya a fili, yana duba inda ɓaraka take. Da kilomita ake auna ɗan wasa, da shi za a fara kora.

Batun ƙwallo mai na'ura kuwa gaskiya ne. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, ƙwallon Adidas mai suna Al Rihla tana da ma'aunin motsi da aka rataye a tsakiyar cikinta, yana aika bayani sau 500 a daƙiƙa, har caji ake yi mata kafin wasa. A ƙarƙashin rufin kowane fili kuma an kafa kyamarori 12 da ke bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa, sau 50 a daƙiƙa. Wahalar hukuncin satar gida tun fil azal ita ce mai tuta yana bukatar ya ga abu biyu a lokaci ɗaya: lokacin da ƙafa ta taɓa ƙwallo, da inda mai karɓa yake tsaye a daidai wannan lokaci. Yanzu ƙwallo ita ke faɗin lokacin, kyamarori su faɗi wurin, alƙalan da ke ɗakin bidiyo su tabbatar. Ka tuna wasan Ajantina da Saudiyya, ƙwallo uku aka soke wa Ajantina kafin hutun rabin lokaci. Ka kuma tuna gardamar da aka sha a majalisu kan ƙwallon Portugal a ragar Yurugwai, Ronaldo ya yi murna yana cewa kansa ya shafe ta. Adidas suka fito da abin da na'urar ta ji, babu alamar taɓawa, ƙwallo ta zauna a sunan Bruno Fernandes. A gasar Turai ta 2024 ma an soke wa Lukaku ƙwallo a wasan Beljiyam da Sulobakiya saboda na'urar ta ji hannun Openda ya shafe ta tun kafin a ba shi.

Kafin wannan akwai na'urar layin raga, wadda a ganina ita ce mafi tsafta a cikinsu duka, don tambaya ɗaya take amsawa: ta shiga ko ba ta shiga ba. Ƙwallon Lampard a ragar Jamus a 2010, wadda duniya ta ga ta haye layi amma alƙali bai gani ba, ita ta kawo ƙarshen turjiya. A 2012 aka amince da ita, Firimiya ta fara a kakar 2013, kofin duniya a 2014 a Brazil. Kyamarori 14 ne, bakwai a kowace raga, kuma cikin daƙiƙa guda agogon hannun alƙali zai girgiza. Duk wanda ya taɓa zama a filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ranar da Masu Gida, wato Kano Pillars, ke wasa, ƙwallo ta daki turke ta faɗo kusa da layi, ya san me irin wannan agogo zai raba. Amma kuɗin kafa ta da kula da ita ya fi ƙarfin yawancin gasannin duniya, ba tamu kaɗai ba.

Sauran wasanni kowa da nasa. Motar tseren Formula 1 tana ɗauke da ma'aunai kusan 300 da ke aika wa injiniyoyi labarin taya da inji da birki tana cikin gudu. A ƙwallon Amurka tun 2014 ake saka 'yan ƙananan na'urori a kafaɗun 'yan wasa. A gudun fanfalaki lambar da ke ƙirjin ɗan tsere tana da ɗan guntun na'ura da tabarmar layin ƙarshe ke karantawa, shi ya sa ake sanin lokacin mutum dubu ba tare da rigima ba. A gasar ƙwallon tanis ta Wimbuldon ta 2025 an sallami alƙalan layi gaba ɗaya, kyamara ke cewa ta fita. Manyan filaye kuma suna da ma'aunin danshi a ƙarƙashin ciyawa da ƙofofin da ke karanta tikiti suna ƙirga mutane.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta wasan zari-ruga. Daga farkon 2024 hukumarsu ta duniya ta shigar da wata robar kare haƙori mai ma'auni a ciki cikin tsarin duba bugun kai a manyan gasanninta. Da yake haƙoran sama a manne suke da ƙoƙon kai, duk jijjigar da kai ya sha robar tana ji. In ta wuce wani mizani, saƙo zai je wa likitan bakin fili, a fitar da ɗan wasa a duba shi ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Duk lokacin da na tsaya kallon dambe a dandalin Ado Bayero a Sabon Gari sai wannan ta faɗo min. Yaro ya sha kisa, ya tashi yana layi, a watsa masa ruwa, kiɗa ya ɗauka, gobe da yamma ya sake naɗe hannu. Ƙwaƙwalwar da ta jijjiga tana bukatar hutu na kwanaki, kuma bugu na biyu kafin ta warware ya fi na farko haɗari nesa ba kusa ba. Robar tana da tsada, amma darasin da ta koyar kyauta ne: wanda ya ga jiri, ko ya yi amai, ko ya kasa faɗin inda yake bayan karon kai, a fitar da shi daga wasa nan take, kuma ba ya dawowa sai likita ya gan shi. Wannan ya shafi yaranka ma, masu haɗa kai a ƙwallon sama.

Yanzu ga tambayarka ta ko a sayo muku falmaran. Amsata ita ce kada ka fara da falmaran.

Ba sayen na'urar ne kuɗin ba. Yawancin kamfanonin kuɗin shekara suke karɓa na manhaja, da dala, kuma ranar da aka daina biya lambobin suka rufe. A ƙungiyar da na ba ka labari haka ta ƙare. Shekara ta zagayo, dala ta tashi, wanda ya saya bai sabunta ba, akwatin yana nan a sito ƙura ta rufe shi. Kafin nan ma mun sha fama: a zo atisaye rabinsu ba caji don ba wuta tun jiya, ƙurar hunturu ta toshe bakin caji, data ta ƙare ana tsakiyar turawa. Ga kuma abin da masu talla ba sa faɗa. An tsara mizanan ne a kan ciyawar Turai. Gudu a rairayi ya fi cin ƙarfi nesa, fako kuma ya fi dukan gwiwa da ƙwauri. GPS nisa da sauri kawai yake gani, bai san a kan me aka taka ba. Kilomita takwas a filin makarantar firamare a watan Afrilu ba ɗaya ba ne da takwas a Manchester. Sannan dole a samu mutum guda da aikinsa ke nan, ya zauna kullum ya karanta, ya zo ya ce maka wane ya huta gobe, kai kuma ka ji maganarsa ko da ranar wasan ƙarshe ce. In babu wannan mutumin, ado aka saya.

Abin da falmaran ke yi, kaso mai yawa za ka iya yinsa da littafi da biro. Akwai wata hanya da wani masani Ba'amurke, Carl Foster, ya fito da ita, kuma har manyan ƙungiyoyi masu falmaran suna haɗawa da ita. Kamar rabin awa bayan an tashi, ka tambayi kowane yaro shi kaɗai, ba a gaban 'yan'uwansa ba, yaya wahalar atisayen yau daga 1 zuwa 10. Ka ninka da mintocin da aka yi. Minti 90 a wahala 7 ya ba ka 630. Ka tara na sati, ka kwatanta da satittikan baya. In kowa ya ce 5 wani ya ce 9, ka zauna da shi, akwai magana. Ka kuma koya musu ƙirga bugun zuciya da yatsa biyu a wuyan hannu, minti ɗaya cur, da zarar sun farka kafin su tashi alwala. Bayan sati biyu kowa ya san lambarsa. Ranar da ta haura da kamar 8 ko 10 kwana biyu a jere, ko gajiya ce ta taru, ko zazzaɓi ne ke tafe. Da wannan ƙirgen na sha tura yaro gwajin maleriya kafin ya kwanta.

Abin da zan fara saya shi ne sikeli. Zafin Kano daga Maris zuwa Mayu yana kai maki 40, kuma da yake iskar a bushe take, gumi yana bushewa nan take, yaro ba ya sanin ruwan da ya zubar. Ka auna shi kafin atisaye da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. In ragin ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo ɗaya da 'yan kai ga mai kilo 60, gudu da tunani duk sun fara raguwa, zafi kuma zai iya kayar da shi. FIFA tana da wani ma'auni da ke haɗa zafi da danshi da ƙarfin rana da iska, in ya kai 32 ake ba da hutun shan ruwa a tsakiyar wasa, kamar yadda aka fara gani a kofin duniya a wasan Holan da Meziko a 2014. Akwai irinsa ƙarami na hannu. Da azumi kuwa sikeli da ƙirgen asuba su za su gaya maka ko ka mayar da atisaye mai nauyi bayan shan ruwa. Bayan sikeli, in kuɗi ya ragu, maɗaurin ƙirji biyu ko uku masu haɗuwa da waya ta Bluetooth sun isa, a riƙa karɓa-karɓa. Sun fi agogon hannu gaskiya in ana gudu mai ƙarfi, don agogo da haske yake leƙen jini ta fata, kuma motsi da gumi suna ruɗa shi.

Amma abin da nake roƙonka da shi, don Allah, shi ne batun zuciya. Maɗaurin ƙirji yana ƙirga bugu ne kawai, ba ya gano ciwo. Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa a Legas ana wasa da Angola, yana ɗan shekara 25, bai tashi ba. A Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya ana tsakiyar wasan gasa, shi ma ya rasu. A Yuni 2021 Christian Eriksen na Denmak ya faɗi haka nan a gaban duniya, zuciyarsa ta tsaya. Nan take aka fara danna masa ƙirji, aka kawo na'urar farfaɗo da zuciya, ya dawo. Aka dasa masa wata ƙarama a ƙirji da ke gadin bugun zuciyarsa dare da rana, ya koma ƙwallo har ya buga kofin duniya na 2022. Rai na hannun Allah, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Ita wannan na'ura ta farfaɗowa ba ta fi jakar makaranta ba. Ka manna faifai biyu a ƙirji, ita za ta karanta zuciyar da kanta, ta yi magana ta ce a matsa, kuma ba za ta saki wuta ba sai in ta ga ana bukata. Kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira tana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Ka lissafa minti nawa ne daga filinku zuwa asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano da yamma, a cunkoson Kabuga. A ganina duk cikin na'urorin da na lissafa maka babu wadda ta kai wannan daraja. In kuɗin bai kai ba, ku haɗa kai da ƙungiyoyin da kuke raba fili ku sayi ɗaya. Kowane yaro kuma a kai shi likita ya saurari ƙirjinsa, a yi masa gwajin zuciya da ake kira ECG, a tambayi iyayensa ko a dangi an taɓa samun matashin da ya yanke jiki ya faɗi. Yaron da ya taɓa suma a fili, ko yake kukan ciwon ƙirji in ya yi gudu, kada ya sake taka ƙwallo sai an duba shi.

In burin shi ne a ga yaranka a waje, kyamara ta fi falmaran amfani. Ahmed Musa ƙwallo 18 ya ci wa Kano Pillars a kaka guda kafin ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, abin da ido ya gani ne ya kai shi. Yau duk wanda zai ɗauki yaro bidiyon cikakken wasa yake fara nema. Akwai kyamarori irin Veo ta Denmak da ake kafawa a dogon ƙarfe su bi ƙwallo da kansu, amma waya mai kyau daga Farm Centre, da sandar kafawa, da yaro ɗaya mai natsuwa a wuri mai tudu sun isa a fara.

Saura magana ɗaya da ba a cika yi ba, wato su wa ke da waɗannan bayanai. Bugun zuciyar yaro, da barcinsa, da raunin da ya taɓa ji, sirrinsa ne. In wani ya zo ya ce zai ba ku na'urori kyauta, ka tuna ruwa ba ya tsami banza, ka tambaye shi ina bayanan za su tafi. A Turai bayanan wasa babbar kasuwa ce, kuma kamfanonin caca suna cikin manyan masu saye. A Ingila ɗaruruwan 'yan wasa sun haɗa kai tun 2020, ƙarƙashin jagorancin tsohon koci Russell Slade, suna ƙalubalantar masu cin kuɗi da bayanansu ba da izininsu ba. A 2022 ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta fitar da kundin haƙƙin ɗan wasa a kan bayanansa. Mu ma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu bukatar kulawa ta musamman, kuma ta ce a nemi yardar iyaye in yaro ne. Yaranka duk 'yan ƙasa da 18 ne. Ka kuma gargaɗe su kan manhajojin gudu da ke wallafa taswira. A 2018 taswirar Strava ta tona wuraren sansanonin sojojin Amurka, saboda sojoji suna gudu da ita a kunne. Yaron da ke fara gudu daga ƙofar gidansu kullum ƙarfe shida ya gaya wa duniya inda yake kwana da lokacin da yake fita.

Saboda haka in ka koma wurin Alhaji, ka kai masa lissafi a rubuce: kuɗin gwajin zuciya na kowane yaro, kason ku na na'urar farfaɗowa da kuɗin wanda zai koya muku danna ƙirji, sikeli, randar ruwa mai murfi, sandar kafa waya, sai maɗaurin ƙirji in an samu rara. Littafin kuma ka fara shi tun atisayen gobe, shafi ɗaya ga kowane yaro. In ya yi sati shida ka ɗauki hotunan shafukan ba tare da sunaye ba ka turo min, mu duba tare mu ga wa za a rage wa nauyi kafin a shiga zafin bazara.